Gashin gwiwa bayan tiyata: sharhi kan wata cibiyar fisiyo a Kaduna

Wannan sharhi ne a kan wata cibiyar fisiyo mai zaman kanta, wato wurin da ake gashi ta hanyar atisayen motsa gaɓɓai, da ke arewacin garin Kaduna, wadda ta kula da gashin mahaifiyata bayan an yi mata aikin sauya gwiwar dama tana gab da cika shekara 70. Ban kama sunan cibiyar ba domin maganar tawa ta haɗa yabo da ƙorafi, kuma abubuwan da na lura da su za su yi wa mai karatu amfani ko da wani wurin ne daban zai kai nasa tsohon ko tsohuwar. Ra'ayina shi ne kuɗinmu bai tafi a banza ba, amma yawancin abin da muka amfana da shi ya fito ne daga hannun mutum guda, wato likitar fisiyon da aka haɗa mu da ita, wadda ta ɗauki gidanmu da yadda Hajiya take rayuwa a cikinsa a matsayin wani ɓangare na aikinta. Tsarin cibiyar kuwa bai kai ƙwarewar ma'aikatanta ba.

Sai an san abin da aka yi wa gwiwar kafin a gane dalilin da ya sa gashinta yake da wahala haka. Amosanin gaɓɓai ne ya cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙauri, har ƙashi ya koma yana gogar ƙashi. A wajen aikin, wanda yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma galibi da allurar kashin baya ake yin sa, likita yana shafte fuskar ƙasusuwan biyu da ta lalace, ya lulluɓe ta da ƙarfe, ya manne ƙarfen da wani siminti na musamman, sannan ya sa roba mai tauri a tsakani domin ta maye gurbin guringuntsin. Tsokoki da jijiyoyin gefe duk na mai gwiwar ne, ba a sauya su ba, kuma tsokar gaban cinya, wadda ita ce take miƙe ƙafa take kuma riƙe mutum a tsaye, ta riga ta yi rauni tun kafin aikin saboda shekarun da aka ɗauka ana ɗingishi. Wannan ya sa ake tayar da majinyaci tsaye cikin awa 24 bayan tiyata, kuma shi ya sa aikin da ya rage bayan sallama ya fi wanda aka yi a ɗakin tiyata tsawo nesa ba kusa ba. Mutanen Kaduna da dama Kano suke tafiya domin a yi musu wannan aikin, inda Asibitin Ƙashi na Dala yake, ko Abuja, masu hali kuma har Indiya ko Masar. Mu a wani asibitin kuɗi a Kano aka yi mana, muka dawo gida da magunguna da takardar sallama, likitan da ya yi aikin kuma ya zama yana nesa da mu fiye da kilomita 200. A wannan giɓin ne cibiyar ta shigo.

A makonnin farko gida suke zuwa, domin shigar da tsohuwa mai sabon ɗinki cikin mota kullum ba ƙaramin abu ba ne. Zuwan farko shi ne ya sa hankalina ya kwanta da su. Likitar ba ta taɓa ƙafar ba sai da ta karanta takardar sallama, ta duba magungunan ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar Hajiya tana shan na hana daskarewar jini, ta auna hawan jini, ta tambayi yadda sukari yake, domin ciwon suga yana jinkirta warkewar rauni yana kuma ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta. Daga nan ta ɗage mayafin da ke kan gado, ta ga filon da aka cusa a ƙarƙashin gwiwar.

"Hajiya, wa ya sa miki wannan filon?"

"Ni na ce a sa, 'yar nan. A nan kaɗai nake samun sauƙi."

"Na sani, Hajiya, amma ki yi haƙuri zan ɗauke. Idan gwiwar ta saba kwanciya a lanƙwashe, a haka za ta warke, kuma ɗingishin da aka yi aiki dominsa ba zai rabu da ke ba."

Ta zare filon, ta nannaɗe tawul ta sa a ƙarƙashin dunduniya, yadda gwiwar za ta riƙa sauka da nauyinta har ta miƙe. Sannan ta fito da wani ma'auni na roba mai hannu biyu, ta ɗora tsakiyarsa a gefen gwiwar, hannu ɗaya yana bin cinya ɗaya yana bin ƙauri, ta karanta: lanƙwasawa digiri 65, miƙewa kuma saura digiri 10 ta cika. Ta rubuta a katin Hajiya, ta kuma sa ni na rubuta a littafina. Wannan awon shi ne ginshiƙin aikinsu, kuma ina ba duk mai neman irin wannan hidima shawara ya lura ko ana yin sa, domin inda ba a aunawa ba wanda zai iya cewa ana ci gaba ko ana tsaye wuri ɗaya. Ta yi mana bayanin lambobin dalla-dalla: tafiya a fili tana buƙatar kimanin digiri 65, hawa da saukar matakala kusan 90, tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba ya ɗan fi haka, kuma burin farko shi ne a kai 90 a cikin makonnin farko tare da cikakkiyar miƙewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne zagayen da ta yi a cikin gidan, wanda ba mu nema ba kuma ba a caje mu dominsa ba. Takardun bayanin da ake bai wa majinyata galibi an tsara su ne domin mutanen da suke kwana a gado mai tsawo, suke ci a kan tebur, suke zama a kujera, alhali rayuwar tsohuwar Bahaushiya a ƙasa take: a kan tabarma take karɓar baƙi, a kan darduma take lazimi, a kan kujera 'yar tsuguno take alwala da tsintar shinkafa. Likitar ta san wannan domin a irin gidan ta tashi. Ta sa aka naɗe ƙananan kafet da tabarmin da ke kan hanyar banɗaki, domin ƙafar abin dogarawa tana iya harɗewa da su. Ta duba masai, ta ga na tsuguno ne, ta ce a samo kujerar ba-haya mai hannuwa a girka a kansa, kuma mun same ta a shagunan sayar da kayan asibiti a cikin gari ba tare da wahala ba. Ta nuna dokin ƙofar ɗakin da yake da tudu, ta koya wa Hajiya tsallake shi. Ta ce a riƙa goge tayil ɗin banɗaki bayan kowace alwala, a bar fitila mai caji a kunne da dare, a kuma daina takalmin silifa a koma mai maɗauri a baya. Faɗuwa a kan sabuwar gwiwa tana iya karya ƙashin da ke kewaye da ƙarfen, kuma gyaran wannan karayar ya fi aikin farko wuya.

Motsa jikin kansa ba shi da wani ƙawa. Akwai kaɗa idon sawu sama da ƙasa domin jini ya riƙa gudana, akwai matse tsokar cinya ana danna bayan gwiwa a kan katifa, akwai ɗaga ƙafa a miƙe, akwai jawo dunduniya zuwa ga jiki a hankali. Na ƙarshen nan shi ne mai sa hawaye. Likitar takan sa a sha maganin rage zafi kimanin rabin awa kafin ta iso, kuma ta hana mu ƙara wani maganin da kanmu daga kemis, musamman irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda suke iya taɓa ƙoda da ciki a jikin tsofaffi, suke kuma ƙara haɗarin zubar jini idan an haɗa su da maganin hana daskarewa. Ba ta taɓa yi wa Hajiya tsawa ba, kuma ba ta taɓa sassauta mata ba. Idan Hajiya ta ce yau a bar ta, sai ta zauna a bakin gado ta tambaye ta labarin jikoki, ta bari numfashinta ya daidaita, sannan ta ce, "To Hajiya, saura biyar, mu yi su tare." Bayan an gama sai a ɗora ƙanƙara na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar gaba ɗaya a kan filo daga sha-raɓa zuwa dunduniya. Da yake wuta ba ta tsayawa har firji ya daskarar da abu, sai ta ba mu dabarar sayen ledojin fiya wata da suka ƙanƙare a wajen masu sayar da ƙanƙara, a ajiye su a kula, a naɗe a tawul mai kauri kafin a ɗora, kada sanyin ya taɓa fata kai tsaye.

Wani aikin da ta yi, wanda ba ya cikin abin da muka biya, shi ne kare Hajiya daga shawarwarin 'yan dubiya. Duk wanda ya yi jinya a gidan Bahaushe ya san yadda ɗaki yake cika bayan la'asar, kuma kowa da alheri yake zuwa, amma kowa da nasa maganin. Wata ta ce a gasa da ruwan zafi da tsumma, wata ta kawo man zafi, wani kawunmu ya ce akwai maɗori a bayan gari da hannunsa yake da albarka, da yawa kuma suka ce azaba ce ake gana wa tsohuwa, a bar ta ta huta har ciwon ya warke. Likitar ta zauna da manyan gidan, ta gaishe su cikin ladabi, ta bayyana musu cewa ba karaya ba ce balle a ɗora, cewa zafi a kan gwiwa mai kumburi ƙara mata kumburi yake yi, kuma ba a shafa komai a kan ɗinkin da bai rufe ba. Game da hutu kuwa ta faɗi maganar da ta kashe bakin kowa: tabon da ke cikin gwiwar yana ƙara tauri ne a watanni ukun farko, idan aka bari ya kama ba a lanƙwasa ba, ƙarshenta sai an koma asibiti an sa majinyaci barci an tanƙwara gwiwar da ƙarfi. Ban ƙara jin wanda ya ce a huta ba.

Tambayar da ta fi damun Hajiya tun ranar farko ita ce yaushe za ta koma sujada da zaman tahiya a ƙasa. A nan ma na yaba da gaskiyar likitar, domin ba ta yi mata alkawarin abin da ba shi a hannunta ba. Ta ce zaman tahiya yana buƙatar gwiwa ta naɗe har digiri 150 ko fiye, alhali yawancin waɗanda aka sauya wa gwiwa suna tsayawa ne tsakanin 110 da 125, kuma mutane da yawa ba sa jin daɗin durƙusawa a kan tabon ko bayan shekaru. Hajiya ta yi shiru, ranar ba ta ci abincin kirki ba. Limamin unguwarmu ne ya kwantar mata da hankali da hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Likitar ta zaɓi kujera mai tsawon da ya dace, ta mayar da tashi da zama a kanta wani ɓangare na atisaye, har ya zama Hajiya tana yin tsayuwa da ruku'u da ƙafafunta, ta zauna a kujera domin sujada da tahiya. Na lura cewa ba atisayen da ta riƙe da muhimmanci kamar wannan.

Sau ɗaya muka shiga tashin hankali, kuma yadda suka yi a ranar ya ƙara musu daraja a idona. Sha-raɓar Hajiya ta kumbura ta yi zafi fiye da kullum, wata 'yar uwarmu har ta fara shirin yi mata tausa. Da likitar ta iso ta duba, sai ta hana a taɓa wurin, ta dakatar da atisayen ranar, ta rubuta takarda ta ce a tafi a yi hoton jijiyoyin jini a ranar, kada a kwana. Gudan jini a jijiyar ƙafa yana cikin manyan haɗurran wannan aikin, kuma tausa tana iya sa ya ɓalle ya tafi huhu. Cikin ikon Allah hoton ya nuna babu komai. Tun kafin wannan rana ta riga ta lissafa mana alamomin da ba a jira da su: zazzaɓi, ja da zafi a kewayen ɗinki, ruwa ko mugunya daga raunin, ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi.

Bayan an cire ɗinki, wanda akan yi kimanin mako biyu da aiki, kuma Hajiya ta ƙware da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, sai aka ce mu riƙa zuwa cibiyar. Daga nan ne ƙorafina ya fara. Kayan aiki suna da su, kuma a tsabtace: keken motsa jiki na tsaye, ƙarafa biyu da ake tafiya a tsakaninsu ana dafawa, matakalar gwaji inda aka koya mata hawa da lafiyayyiyar ƙafa da sauka da wadda aka yi wa aiki, da na'urar lantarki mai rage zafi. Amma ƙofar shiga cibiyar matakala ce mai hawa uku ba tare da gangara ko ƙarfen dafawa ba, a wurin da kusan duk masu zuwa masu ciwon ƙafa ne da masu shanyewar ɓarin jiki. Na ga ana ciccibar wani dattijo da kekensa ana hawa da shi, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Kujerun ɗakin jira kuma masu laushi ne da suke nutsewa da mutum, irin waɗanda likitar da kanta ta hana Hajiya zama a kansu a gida.

Lokaci ma ba a cika shi. Ana ba mutum ƙarfe tara, ya bi cunkoson titin Ali Akilu ya iso a kan kari, ya zauna har ƙarfe goma ta wuce, maganin rage zafin da aka sha domin atisayen kuma ya fara sakin jiki. Dalilin a fili yake, suna karɓar mutane fiye da yawan hannayensu. A ranakun da wurin ya cika, sai a kwantar da majinyaci a liƙa masa wayoyin na'urar lantarki a tafi wajen wani, a dawo a yi masa ɗan motsi a sallame shi, alhali kuɗin zama cikakke ya biya. Na'urar tana iya rage zafi na ɗan lokaci, amma ba ta ƙara wa gwiwa ko digiri ɗaya.

Babban ƙorafina shi ne sauya hannu ba tare da sanarwa ba. Mace ɗaya ce likitar fisiyo a cibiyar, kuma duk ranar da ta fita aikin gida sai a haɗa Hajiya da namiji. Mazan sun san aikinsu kuma suna da ladabi, ba ni da abin cewa a kansu, sai dai tsohuwa mai kunya ba ta sakin jiki idan sa'an ɗan cikinta ya riƙe mata cinya, jikin da bai saku ba kuma ba ya lanƙwasuwa. Awon waɗannan ranakun kullum ƙasa yake da na sauran. Mun ɗinka mata wando mai faɗi da take sawa a ƙarƙashin zani, ya rage damuwar, amma labulen da ke tsakanin gadaje bai kai bango ba, kuma sai da na yi magana da shugaban wurin kafin aka fara sanar da mu a waya idan likitarmu ba ta nan. Cibiyar da ke aiki a Kaduna ya kamata ta san cewa wannan buƙata ce ta yawancin matan da za su zo mata, ta ɗauki mata ma'aikata daidai da haka.

Game da kuɗi, ana biya ne a kan kowane zama, akwai rangwame ga wanda ya biya na zama da yawa a dunƙule, zuwa gida kuma ya kusa ninka kuɗin zuwa cibiya. Suna ba da rasit kuma ba a taɓa ƙara mana wani caji a ɓoye ba. Iyalai da yawa suna tara kuɗin tiyata da ƙyar su manta da na gashi, wanda yake ɗaukar watanni, sai a katse shi a daidai lokacin da ya fi amfani. Na kuma nemi ganin lasisin likitar, ta nuna mini ba tare da ɓata rai ba. Hukumar MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, ita ce take yi wa likitocin fisiyo rajista a Najeriya, kuma tambayar tana da amfani domin akwai masu tausa da suke bi gida-gida da farar riga da wannan suna.

A wata na huɗu gwiwar Hajiya ta miƙe sarai, tana lanƙwasuwa digiri 115, ta ajiye abin dogarawa ta koma sanda, sandar ma sai za ta fita waje take ɗauka. Ciwon da yake hana ta barci shekara da shekaru ya tafi. Saura kumburi da yamma idan ta yi tsayuwa mai yawa, da tauri da safe musamman da hunturu, da wani wuri a gefen tabon ta waje da ba ta jin taɓawa sosai, da ɗan ƙara da gwiwar take yi idan tana tafiya. Likitar ta riga ta faɗa mana cewa duk waɗannan sanannu ne, kuma cikakkiyar warkewa tana iya kaiwa shekara guda. Ta kuma faɗa mana tun da wuri cewa kusan mutum 1 cikin 5 ba ya samun gamsuwar da ya yi tsammani bayan wannan aiki, duk da cewa ƙarfen kansa yana da ƙarko: binciken da masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila suka wallafa a mujallar The Lancet a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna kai shekara 25 ba a sake aiki a kansu ba.

Da suka sallame mu sun ba mu takardar atisayen gida mai zane, amma da Turanci take, sai da na zauna da likitar muka rubuta bayanin da Hausa a bayan takardar domin yarinyar da ke kwana da Hajiya ta iya bi. Rahoton da za mu kai wa likitan tiyata a Kano ma sai da muka roƙa kafin aka rubuta, alhali kamata ya yi ya zama cikin tsarinsu. Gwiwar hagu ita ma ta lalace, kuma likitan ya ce aikinta yana nan tafe. Idan lokacin ya yi, in sha Allah, cibiyar nan za mu koma, amma za mu fara atisayen ƙarfafa cinya makonni kafin tiyata kamar yadda likitar ta ba da shawara, za mu nemi zaman farko na safe kafin wurin ya cika, kuma ba za mu biya kuɗi a dunƙule ba sai an rubuta a kati cewa ita ce za ta riƙe Hajiya daga farko har sallama.